Katun ɗin dabbobi ne ya haifi 'yan furry, ko akwai wani abu daban?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wasu mutane a Amurka da Turai da ake kira 'yan furry, masu sha'awar dabbobin da aka ba siffar mutane: dabba mai tafiya da ƙafa biyu, tana magana, tana sa tufafi. Kusan kowannensu yakan ƙirƙiri tasa dabbar, ya raɗa mata suna, ya biya a zana masa ita, wasu har su sa a ɗinka musu rigar gashi mai kan kyarkeci ko na yanyawa su sa a wurin taro. Ni a ganina katun ne ya jawo wannan abu kacokan. Tun 1928 da Mickey Mouse ya fito, aka bi shi da Bugs Bunny da Tom da Jerry a 1940, yaran Amurka suke tashi suna ganin ɓera da wando, zomo yana wasa da hankalin maharbi. Wanda aka raina a kan haka, me zai hana ya girma yana son zama dabbar? Wanda ya san tarihin abin ya warware mana, don ina da yara masu kallon katun kullum.

Sadauki_Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam Abba, in da katun ne kaɗai, ai da Kano ta cika da su. Waye a cikinmu bai tashi da Tom da Jerry ba? Ƙannenmu kuma suka zo suka tarar da Spacetoon da MBC3, daga an taso makaranta sai gaban talabijin har a kira magariba. Duk da haka ban taɓa jin wani a unguwarmu ya ce a ɗinka masa kan kyanwa ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ummu_Sadiq:
Ni yau ma na fara jin labarinsu. Manya ne da hankalinsu? Addini ne, ko ƙungiya ce, ko me?

MaiZane_Kaduna:
Anti Ummu, ba addini ba ne, ba su da shugaba ɗaya ko aƙida ɗaya. Sha'awa ce ta haɗa su, kuma mafi yawanta zane ne da rubutun labari.

Yaya Abba, katun yana ciki, amma waɗanda suka assasa abin ba yara ba ne, manya ne masu sana'ar zane. A 1976 wasu mutum biyu a Minneapolis, Ken Fletcher da Reed Waller, suka kafa wata 'yar mujalla mai suna Vootie. Ba ta kasuwa ba ce. Kowane memba zai zana shafukansa, ya buga kwafi, ya aika wa mutum ɗaya, shi kuma ya haɗa na kowa ya ɗinke ya mayar musu ta gidan waya. Kukansu shi ne kasuwar littattafan zane ta zama ta su Superman, zanen dabbobi kuwa an bar wa yara ƙanana. Su kuma suna so su ba da labarin yaƙi, na siyasa, na soyayya, da waɗannan dabbobin da suka tashi suna zanawa.

A 1980 aka yi babban taron masoya ƙagaggun labaran kimiyya a Boston. Wani mai zane, Steve Gallacci, ya baje hoton wata kyanwa soja mai suna Erma Felna, cikin kaki, fuska ba alamar dariya. Mutane suka riƙa tsayawa a gaban hoton suna hira, daga nan duk taron da aka je sai su nemi juna. A 1983 Gallacci ya fara fitar da mujallarsa Albedo, a 1984 aka kafa wata mai suna Rowrbrazzle da ta zama matattarar masu irin wannan zanen. Sai Mark Merlino da Rod O'Riley na Kalifoniya suka shiga kama ɗaki a otal lokacin taruka suna gayyatar masu wannan sha'awa. Taronsu na kansu na farko, ConFurence, a Janairun 1989 aka yi shi a Costa Mesa, kuma mahalartan ba su kai 100 ba.

Ka lissafa da kanka, daga Mickey zuwa wannan taro shekara 61 ne. Da katun kaɗai ke haifar da abin, da bai jira tsawon haka ba.

Dan_Sokoto77:
Ni dai na san The Lion King ne ya fara kawo su. Daga fitowarsa abin ya ɓarke.

MaiZane_Kaduna:
A'a ɗan uwa, The Lion King na 1994 ne, ya tarar da su sun yi shekara biyar suna taro. Ya dai ƙaro musu jama'a sosai.

Fati_Gwammaja:
Ina mamakin har yanzu ba wanda ya ambaci Robin Hood na Disney, na 1973. In ka karanta hirarrakin tsofaffin 'yan furry, shi ne fim ɗin da ya fi yawan fitowa daga bakinsu. Kuma in kun kalle shi za ku gane dalili. Tom kyanwar gida ce, yana zaune a gidan mutane, aikinsa a buga masa kasko a ka mu yi dariya. A Robin Hood kuwa babu ɗan Adam ko ɗaya. Jarumin yanyawa ne mai tsayi da kafaɗu irin na mutum, yana harba kibiya, yana taimakon talakawa, yana da budurwar da yake so ya aura. Yarima mai zalunci zaki ne, mashawarcinsa maciji. Ba dariya ake so ka yi wa jarumin ba, so ake ka ji kamar kai ne shi. Wannan shi ne bambancin da Yaya Sadauki yake nema. Babu yaron da ke son zama Tom, amma da yawa sun so zama Robin.

Kuma a Disamban 1984 aka fitar da shi a kaset ɗin bidiyo, yana cikin manyan finafinan katun na Disney na farko da suka shiga gidaje. Yaro ya samu damar maimaita shi har kaset ya tsinke. Ɗaya daga cikin daraktocin Zootopia na 2016, Byron Howard, da bakinsa ya ce son da yake wa Robin Hood ne ya sa ya kawo shawarar yin fim ɗin.

Sadauki_Fagge:
To wannan magana ta shiga. Amma Fati, mu ma ai mun ga Simba na The Lion King, kuma ba dariya muka yi masa ba. Na san manya da suka yi hawaye a wurin mutuwar ubansa.

Likita_Bello:
Bari in shigo ta wani ɓangaren, wato me ya sa zanen dabba ke kama zuciya tun farko. A 1943 masanin halayyar dabbobi Konrad Lorenz ya yi bayanin cewa akwai siffofin da ke tayar da tausayi a zuciyar mutum ko bai shirya ba: babban kai, manyan idanu, goshi mai tudu, gajerun hannaye, wato kamannin jariri. Daga baya wani masanin kimiyya, Stephen Jay Gould, ya ɗauki hotunan Mickey Mouse na shekaru daban-daban ya auna su, ya nuna yadda masu zane suka riƙa ƙara masa girman kai da na ido a hankali, har ya tashi daga fitinannen ɓera mai tsinin baki ya koma kamar yaro.

Ku je ku duba kan rigar da 'yan furry suke sawa. Ba kyarkecin daji suke kwaikwaya ba, wanda idonsa ƙanana ne kuma in ka haɗu da shi gudu za ka yi. Idanun rigar manya ne, bakin yana murmushi, tafin hannun sau da yawa yatsu huɗu ne, daidai da yadda masu katun suka saba zanawa don rage aiki. Saboda haka ni ina bayan Abban Hanifa a wannan gaɓa: kamannin abin gaba ɗaya daga katun aka gaje shi, ba daga gidan zu ba.

Hajiya_Damagaram:
Sannunku da hira. Ku 'yan Najeriya kuna ta ambaton Disney, kun manta muna da namu. Moustapha Alassane ɗan Nijar yana cikin waɗanda suka fara yin katun a Afirka baki ɗaya, kuma kwaɗi ne 'yan wasansa. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa, ana ta faretin soja da jawabai da gaishe-gaishe. Duk wanda ya kalla ya san da wa ake. Daga baya ya yi Kokoa, inda kwaɗi ke kokawa a fili kamar yadda muke yi, da makaɗa da 'yan kallo. Ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015, Allah ya jiƙansa.

Abin da nake so ku lura da shi, shi dabba yake ɗauka don ya faɗa wa masu mulki abin da ba ya faɗuwa kai tsaye. Wanda ya kalli Sim ba ya tashi yana son zama kwaɗo, hannunka mai sanda aka yi masa. Haka tatsuniyoyinmu suke. Kura kwaɗayi da wauta, dila wayo, Gizo ha'inci. In aka ce maka kura, zagi ne.

Gizo_Ba_Koki:
Hajiya, ranki ya daɗe, ba duka ba. Sarki fa Zaki ake ce masa a fada, kuma ba ya fushi. Makaɗa suna kiran iyayen gidansu giwa, toron giwa, ɓauna. Ƙungiyar ƙwallonku ta ƙasa ma sunan barewa take ɗauke da shi, tamu mikiya, ta Kamaru zaki. Ɗaukar dabba a matsayin tambarin kai ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Hajiya_Damagaram:
Kirari daban, ɗana. Sarkin da aka ce wa Zaki bai taɓa sa jela ya fito ba.

Alhassan_Kumasi:
Amma Hajiya akwai wasan Dodo na Wagadugu, wanda fataken Hausawa ne suka kai shi can. Da azumi yara suke yi da dare, su sa fuskokin dabbobi, su bi gida-gida suna rawa ana ba su sadaka, ɗan uwan tashe ne. To sa kan dabba don wasa mu ma mun san shi. Sai dai na yara ne, kuma in wata ya wuce an ajiye sai baɗi.

Malam_Tukur:
Bismillah. Tunda hira ta zo nan, ya kamata a rarrabe abubuwa, kada a haɗa su a ƙulli ɗaya. Ba da labari da harshen dabbobi tsohon abu ne a wurin Musulmi. Ibnul Muƙaffa ya mayar da Kalila wa Dimna zuwa Larabci tun ƙarni na 8, kuma malamai sun karanta shi sun karantar. Wasan yara da 'yar tsana ma ya zo a hadisi, Nana A'isha tana da su, har da doki mai fukafukai. Maganar zanen abu mai rai kuwa malamai sun yi saɓani a kan rassanta, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Inda ni nake tsayawa shi ne baligi ya mayar da siffar dabba ta zama ita ce shi, yana jin ya fi sakewa a cikinta fiye da surar da aka halicce shi da ita. Allah ya ce ya girmama 'yan Adam, a Suratul Isra'i aya ta 70. Ban ce a zage su ba, mutane ne kuma ba mu san abin da ya kai kowa ba. Amma ba zan so wa ɗana ba.

MaiZane_Kaduna:
Allah ya gafarta malam, ƙarin bayani kaɗan a kan wannan. Masu cewa su a ransu ba mutane ba ne, wani rukuni ne daban da ake kira therian. Akwai masu shiga duka biyun, amma yawancin 'yan furry sun san su mutane ne sarai, dabbar suna ce da hoto da suke amfani da su a tsakaninsu. Akwai malaman jami'a da suka daɗe suna bincike a kansu, su Courtney Plante da Sharon Roberts da Stephen Reysen da Kathleen Gerbasi, ƙungiyarsu ana kiranta Furscience. Sun gano masu cikakkiyar rigar dabba tsiraru ne a cikinsu. Kyamara ce kawai ta fi son masu rigar.

Direban_Pittsburgh:
Ni a garin da suke babban taronsu nake zaune, ina tuƙin tasi, bari in faɗa muku abin da idona ya gani. Sunan taron Anthrocon. A Albany ta jihar New York aka fara shi a 1997, ya dawo Pittsburgh a 2006, ana yinsa wajen farkon Yuli. A 2024 mahalarta sun haura 17,000. Shugaban taron, Samuel Conway, dakta ne a fannin kimiyyar sinadarai. Mutanen gari suna maraba da su don otal-otal cika suke, masu gidajen abinci har zanen tafin kare suke yi a bakin ƙofa. Kowace shekara kuma suna tara kuɗi su ba wata cibiyar kula da dabbobi.

Na taɓa ɗaukar wani saurayi daga filin jirgi, da wani babban akwatin roba da ya ƙi yarda a sa a but, ya rungume shi a cinya har muka isa. Da na tambaya sai ya buɗe mini. Kan kare ne shuɗi da fari, an sassaƙa shi da soso an lulluɓe da gashin roba. Idanun raga ce mai ƙananan huji, ta nan yake gani, kuma ba ya ganin gefe ko ƙasa, shi ya sa in ya sa sai wani ya riƙa yi masa jagora. A cikin hancin akwai 'yar fanka mai batir. Ya ce dubban daloli ya biya, kuma ya daɗe a layi kafin mai ɗinkin ta kai kansa. A wurin taron akwai ɗaki na musamman cike da fankoki da ruwan sanyi inda suke shiga su cire kan su huta, don zafin ciki yana iya sumar da mutum.

Na ce masa me ya kai ka? Ya ce shi tun yana yaro ba ya iya haɗa ido da mutane, magana ma da ƙyar. In ya sa kan kuwa yakan yi rawa a gaban jama'a, yara su zo su rungume shi. Na tambaye shi katun ɗin da ya fi so yana ƙarami, ya ce Balto, na 1995, labarin karen da ke jan keken ƙanƙara a Alaska. Kun ga ke nan ga katun ɗin, ga kuma abin da ya fi katun ɗin.

Ummu_Sadiq:
Allah sarki, wannan ya ba ni tausayi. Amma ni an ce mini akwai batsa a ciki. Gaskiya ne ko sharri ne?

Likita_Bello:
Hajiya Ummu, akwai, kuma ɓoye shi ba zai amfani iyaye ba. Tun farko yana cikin tarihin. Fritz the Cat na Ralph Bakshi, 1972, katun ne na dabbobi da aka haramta wa yara kallo a Amurka, kuma Reed Waller ɗin da MaiZane ya ambata ya yi suna ne da wani labarin zane na manya. Har yau shafukan da suke baje zanensu suna da sashen manya. Binciken Furscience ya kuma nuna yawancinsu matasa maza ne, masu neman jinsi sun fi yawa a cikinsu in aka kwatanta da sauran jama'a, kuma da yawansu sun sha tsangwama a makaranta suna yara.

Abin da ba daidai ba shi ne a ce duk abin ke nan. Wannan hoton ya bazu ne bayan wani rahoto na mujallar Vanity Fair a 2001 da wani kashi na shirin talabijin na CSI a 2003, waɗanda suka ɗauki ɓangare ɗaya suka mayar da shi shi ne komai. Su kansu sun daɗe suna kuka da hakan. Ke dai a matsayinki na uwa, ba Tom da Jerry ne abin tsoro ba. Waya ce a hannun yaro ba mai duba abin da yake buɗewa.

Dan_Sokoto77:
Ai na ji har makarantu a Amurka suna ajiye wa ɗalibai kwandon yashi irin na kyanwa su yi bayan gida a ciki.

Direban_Pittsburgh:
Ƙarya ce wannan, Malam. Ta yi yawo sosai a 2022, har wasu 'yan siyasa suka maimaita ta, makarantun da aka ambata suka fito suka ƙaryata, 'yan jarida suka bi diddigi ba a samu ko ɗaya ba. Don Allah kada mu yaɗa. Irin wannan ƙiyayyar ba wasa ba ce. A Disamban 2014 an watsa sinadarin kulorin a otal ɗin da suke taro kusa da Chicago, mutum 19 aka kai asibiti.

Injiniya_Zazzau:
Ina so in koma kan tambayar Sadauki, don har yanzu ba a amsa ta ba: me ya sa can, ba nan ba? Amsata ita ce su sun tarar da hanya a share. Tun shekarun 1930 Amurka take da al'adar masoya ƙagaggun labarai su riƙa buga 'yan mujallunsu, su yi taro a otal duk shekara, su yi shigar jaruman da suke so. Fred Patten, wani daga cikin 'yan furry na farko, da Mark Merlino ma ta ƙungiyar masu kallon katun ɗin Japan suka fito, wadda suka kafa da wasu a Los Angeles a 1977. Mai son zanen dabba bai buƙaci ƙirƙiro komai ba, ɗaki kawai ya kama a cikin gidan da aka riga aka gina.

Sai intanet ta zo. A 1990 aka buɗe FurryMUCK, duniya ce ta rubutu zalla, ba hoto ko ɗaya. In ka shiga dole ka rubuta bayanin kanka: kai wace dabba ce, wane launi, me kake sanye da shi. Ni a ganina a nan ne al'adar kowa da dabbarsa, wadda suke kira fursona, ta kafu sosai, don ba ka da wata fuska a wurin sai wadda ka rubuta. A 2005 aka buɗe shafin baje zane na Fur Affinity, masu zane suka samu kasuwa. Yanzu kuma ga manhajojin hira irin su Discord da VRChat.

Ku ɗauki ɗan Arsenal a gidan kallo. Yana sa jesi, yana da abokan hira, yana kashe kuɗi, wani ma in an ci su ba ya cin abinci. Sha'awa ce ta zama dangi. Bambancin kawai, shi yana da kulob ɗin da wasu suka mallaka, su kuwa babu kamfanin da ya mallaki abin da suke so. Masoyan Star Wars suna jiran a fitar musu da sabon fim, waɗannan su ke ƙera wa junansu.

Fati_Gwammaja:
Injiniya, na yarda da maganar hanya, amma kada a rage wa katun matsayinsa. Ku dubi dabbobin da suka fi zaɓa: kyarkeci, yanyawa, kare, manyan kyanwoyi, da dodon nan mai fukafukai na almarar Turawa. Kusan duk jaruman finafinai ne. Kuma kowane zango da abin da ya shigo da shi. Na ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 sun tashi da DuckTales da Chip 'n Dale da TaleSpin da kunkurun ninja. Na bayansu Sonic, bushiyar kamfanin Sega ta 1991, da Star Fox na 1993, da Pokémon na 1996. Na yanzu Zootopia, wanda ya tara sama da dala biliyan 1, da Beastars na Japan. Mai zane in ya ga hoton mutum yakan iya cankar shekarunsa daga salon kunnuwa da idanun.

MaiZane_Kaduna:
Wallahi haka ne, Fati. Ina karɓar aikin zane ta intanet kuma wasu daga cikin masu ba ni aiki su ne. Mutum zai turo maka takarda mai hoton dabbarsa ta gaba da ta baya, da lambar kowane launi, har da inda tabo yake a kunnen hagu. In ka karkatar da zane ɗaya a jela zai dawo maka da shi cikin ladabi ya ce a gyara. Suna biya a kan lokaci, kuma ba su yarda a saci aikin mai zane ba. Ni ina da iyakata, akwai abin da ba na zanawa kuma ina faɗa tun kafin a yi ciniki.

Baba_Mai_Tarihi:
Yara, ku ƙara ja da baya. A wani kogo a kudancin Jamus an tono wani gunki da aka sassaƙa da hauren giwar zamanin ƙanƙara, jikin mutum kan zaki, shekarunsa sun kai wajen 40,000. Misirawan dā sun zana abin bautarsu Anubis da kan dila. A Japan akwai naɗaɗɗun takardu na ƙarni na 12 zuwa 13 da ke nuna kwaɗi da zomaye suna kokawa. Turawa suna da Reynard, yanyawa mai wayo, wanda halinsa bai da maraba da na Gizo. Disney sun daɗe suna son yin fim ɗinsa, suka fasa saboda ɗan damfara ne ba zai yi jarumin yara ba, kuma tunanin yin fim da yanyawar ne ya sake ɓullowa a Robin Hood. Katun bai ƙirƙiro mutum mai kan dabba ba. Ya same shi ne, ya wanke shi, ya sa masa murmushi, ya kai shi kowane falo.

Abban_Hanifa:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma Baba, maganarka ta ƙarshe ai tawa ce. Anubis tsoronsa ake ji, Gizo dariya ake masa, sai da katun ya zo aka samu dabbar da yaro zai so ya zama. Na ji batun taro da intanet, amma da babu Robin da Simba da Sonic, me za su taru a kai? Ina nan a kan bakana, katun ne tushe.

Sadauki_Fagge:
Ni ma ina kan nawa. Yaran Masar da Indiya da Najeriya sun kalli Simba ɗin nan, abin bai kama a lokacin ba sai inda ake da otal ɗin taro da kwamfuta a ɗakin yaro da kuɗin kashewa. Jamus ta fara nata taron, Eurofurence, tun 1995 saboda tana da waɗannan. Kuma akwai zaman kaɗaici. Yaron da ya tashi a gidan da ke da mutum 20, ga 'yan uwa ga abokan unguwa ga majalisa, da wuya ya buƙaci kan kare kafin ya samu wanda zai yi hira da shi.

Ummu_Sadiq:
Sadauki, wannan gidan da kake faɗa yana raguwa fa. Je ka sababbin unguwanni ka gani, kowa da katangarsa da get, yara daga makaranta sai islamiyya sai waya. Ɗana na tsakiya ba shi da aboki ko ɗaya a layinmu, abokansa duk a cikin gem suke, kuma ban san ko su waye ba.

Gizo_Ba_Koki:
Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Kamfanonin waje sun ɗauki yanyawarsu sun mayar da ita jaruma har duniya ta san ta, mu kuwa Gizo da Ƙoƙi suna nan ba wanda ya zana su yadda ya kamata. 'Yata ta san sunan kurayen The Lion King su uku, ba ta san Ɓotorami ba. MaiZane, ku masu hannu me kuke jira?

MaiZane_Kaduna:
Kuɗi da wuta, Yaya. Katun na hannu yana cin zane 12 zuwa 24 a kowace daƙiƙa, minti ɗaya ke nan ya haura zane 700, ban da bango da murya da kiɗa. Sannan akwai matsalar da na daɗe ina fama da ita: yaya ake zana Gizo? A tatsuniya yana noma, yana aure, yana hawa raƙumi, yana magana da tsamin baki, amma ba a taɓa ce mana ga ƙafafunsa nawa ba. In na ba shi takwas yara su tsorata, in na ba shi biyu ya zama wani ɗan tsamurmurin mutum kawai. Na gwada huɗu da hula haɓar kada, zan ɗora a nan anjima ku faɗa mini ra'ayinku.

Hajiya_Damagaram:
Ɗora mu gani, ɗana. Amma ka nemi Kokoa ka kalla tukuna, ka ga yadda Alassane ya tsayar da kwaɗo a kan ƙafa biyu bai daina zama kwaɗo ba. Kuma kada ka yi wa Gizo manyan idanun nan na Disney. Mai irin wannan idon ba zai iya cinye gayyar kowa ya kwana lafiya ba.